Idon tsohon majigi a kan kyamarar zamani: amsoshin wannan mako

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoton biki da suna ne a Zango. A wajen masu tsofaffin ƙarafa a Kasuwar Dole na sayi wani gilashi mai nauyi kamar idon kyamara, amma ba shi da zoben juyawa ko ɗaya, ba shi da bakin da zai shiga kyamara. A jikinsa an rubuta KO-120M, sai 1:1,8. Mene ne shi, kuma zai hau Canon 600D ɗina?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ka saya idon majigi ne, irin na injin haska fim ɗin sinima mai faɗin milimita 35, ƙirar tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Lambar 120 tsawon hangensa ce a milimita, 1:1,8 kuwa yawan hasken da yake bari ya wuce, kuma wannan haske ne mai yawa ga ido mai wannan tsawo. Rashin zoben da ka gani ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera shi. Majigi yana son duk hasken fitilarsa ya isa bango, don haka ba a sa masa abin rage haske. Daidaita hoto kuma injin ne yake yi, ya tura idon gaba ko ya ja shi baya. Duk wanda ya ga ido sumul kamar gwangwani, babu lambobin nisa, to kusan ko da yaushe na majigi ne. Sunayen da aka fi cin karo da su: Isco, Schneider da Leitz na Jamus, Meopta na tsohuwar Cekoslobakiya, Angénieux da SOM Berthiot na Faransa, sai na Sobiyet masu rubutun Rashanci.

Kafin ka kashe ko dala, yi wannan gwajin. Shiga ɗaki mai ɗan duhu da rana, ka auna idon ta taga zuwa wani abu mai nisa, hasumiyar masallaci ko ƙarfen eriyar waya. Riƙe farar takarda a bayansa, kana matso da ita kana janyewa har hoton ya fito tas, kai a ƙasa. Sai wani ya auna maka tazarar da ke tsakanin ƙarshen gwangwanin da takardar. Kada ka auna rana da shi ko da wasa, zai ƙona takardar nan take, ido kuwa ba a magana.

Wannan tazarar ita ce alƙali. A Canon irin taka, daga bakin kyamara zuwa sensa, wato ɗan farantin da hoto yake sauka a kansa, milimita 44 ne, saboda madubin da ke tsakani. In abin da ka auna ya wuce 44 da ɗan rarar da adafta zai zauna, za ka samu hoto har na abu mai nisa. In bai kai ba, idon zai ɗauki na kusa kawai, fuska ko hannu mai lalle, nesa kuwa ba za ta taɓa fitowa ba. Kada ka ce za ka cusa shi ciki da ƙarfi, madubin zai buge shi. Idanu masu tsawo irin naka su ne suka fi barin fili a baya, shi ya sa nake kyautata maka zato, amma takarda ce za ta faɗa, ba ni ba.

Hanyar haɗawa biyu ce. Ta masu hali: kaurin gwangwanin KO-120M milimita 62,5 ne, kuma akwai maɗauri na wannan kauri da ake sayarwa, sai zoben miƙewa da ake kira helikoyid mai bakin M65, sai adaftan da zai kai shi bakin Canon. Abu uku ke nan, kuma sai dai ka yi oda ko ka sa a duba maka a Kano. Ta talaka kuwa, wadda ni da ita na fara: murfin jikin kyamara ka huda tsakiyarsa, ka manna masa guntun bututun roba na masu aikin famfo wanda idon zai zame a ciki ba tare da ya yi lilo ba. In ya yi sako-sako, naɗa masa robar cikin tayar keke. Cikin bututun ka shafa baƙin fenti marar ƙyalli, in ba haka ba hoton zai fito fari-fari kamar an ɗauka cikin hazo. Hannunka na hagu kullum a ƙarƙashin idon, don murfin roba ba zai ɗauki nauyinsa ba. Na taɓa sakaci da wannan, idon ya zame ya sha ƙasa, har yau tabon yana gefensa.

Sai abu ɗaya da zan gaya maka tsakani da Allah. Kada ka je da shi ɗaurin aure a matsayin idon aiki. Fokas da hannu ne, kuma a 1,8 in ƙwayar idon amarya ta fito, kunnenta ya riga ya fara narkewa. Tsakiyar hoton ne mai kaifi, gefuna suna laushi. Wannan laushin shi ne abin da masu nemansa suke so, amma na hoton mutum ɗaya ne da ya zauna ya natsu, ba na ƴan rawa a filin biki ba.

Tambaya: Malam, na haɗa irin wannan idon, a cikin ɗaki lafiya lau, amma a waje da rana hoton fari fat. Daga wani mai shagon hoto a Sabon Gari.

Amsa: Maigida, ba ka faɗi lambar idonka ba, amma bari mu ɗauka 1,8 ne. A tsakar rana irin tamu, da ISO 100 (ma'aunin yadda sensa ke jin haske), wannan buɗin yana neman saurin ɗauka wajen 1/8000 na daƙiƙa. Yawancin ƙananan kyamarori a 1/4000 suke tsayawa, ka ga haske ya ninka abin da ake so. Ko ka koma inuwa, ko ka jira bayan la'asar, ko ka sa gilashin rage haske na ND a gaba. Akwai kuma dabarar mutanen da: yanka baƙin kwali daidai bakin idon, ka huda rami a tsakiya. Lissafin ba wuya, tsawon hange a raba da faɗin rami, sai ka samu lambar buɗin ido da ake rubutawa da f. Ido mai 120 da ramin milimita 30 ya zama f/4, ramin 15 ya zama f/8. Hoton ma zai ƙara kaifi. In ramin ya cika ƙanƙanta za ka ga kusurwoyi sun fara duhu, sai ka ɗan faɗaɗa.

Tambaya: Ina ɗaliba a Jami'ar André Salifou. Na ciro ido daga wani ƙaramin majigin Eumig na marigayi kakana, an rubuta Super 8 a jikin injin. Na kara shi a Sony ɗina marar madubi, sai ɗan da'ira a tsakiya, sauran duk baƙi. Kuma kyamarar ta ƙi ɗauka.

Amsa: Allah ya jiƙan kaka, ƙanwata. Ƙin ɗaukar mai sauƙi ne: kyamarar ba ta jin akwai ido a bakinta, sai ki shiga saituna ki kunna izinin ɗauka ba tare da ido ba. Da'irar ce ba ta da magani. Kowane ido an ƙera shi ne daidai girman fim ɗinsa. Hoton Super 8 bai kai milimita 6 a faɗi ba, na fim ɗin 16 ya ɗan wuce 10, na sinimar 35 wajen 21, sensar ƙaramar Sony kuwa wajen 23,5 ce. Tabarmar mutum ɗaya kika shimfiɗa a zaure. Kuma irin waɗannan ƙananan idanu sai sun kusa taɓa sensa kafin hoto ya fito, ga shi daga bakin Sony zuwa sensa milimita 18 ne kacal. Ki daina cusawa, ƙarce ɗaya a kan sensa ya fi kuɗin wannan idon, nesa ba kusa ba. Ki mayar da shi jikin injinsa ki adana.

In kina son ki ɗanɗana abin, nemi idon majigin hotuna marasa motsi, irin wanda ake haska hoto ɗai-ɗai a makarantu da ofisoshin ayyuka a da. Hotonsu milimita 24 ne da 36, don haka idon yana rufe sensarki, har ma babbar sensa mai wannan girman. Leitz Colorplan mai 90 da 1:2,5 shi ne ya yi suna a cikinsu, kaurinsa 42,5, ba nauyi. Masu jikin roba marasa suna ma suna aiki, sai dai ba su kai shi kaifi ba. Kyamararki ta fi ta mai tambayar farko dacewa da wannan wasa, tun da babu madubi a hanya.

Tambaya: Idon majigi zai hau wayar Tecno?

Amsa: A'a, ɗana. Idon waya a manne yake, ba a cire shi, kuma idon majigi ba a ɗora shi kan wani ido. Akwai masu sa gilashi mai dishi-dishi a tsakani, idon majigi ya zuba hoto a kansa, waya ta ɗauki hoton gilashin. Yana yiwuwa, amma hoton yana zuwa kai a ƙasa, da duhu, da ƙura duk a bayyane. Ban ga ribar ba.

Tun da an ambaci ƙura: duk wanda ya tsinci irin wannan ido a lokacin hunturu, kada ya goge shi da bakin riga. Ƙurarmu yashi ce, tana ƙarce gilashi. A fara hure ta da ƴar robar hura iska, a bi da buroshi mai laushi, sannan tsumman tabarau. In an haska tocila ta baya aka ga zare-zare kamar saƙar gizo a ciki, naman gwari ne ya kama shi tun inda aka ajiye shi cikin laima. A ware shi daga sauran idanun kyamara, kar a haɗa su jaka ɗaya.