Na Sauya Soson Kare Kaya a Ɓoye, Kaya Sun Fashe a Hanya: Wa Zai Biya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Sana'ata sassaƙa soso ce da injin CNC, wato injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa, irin soson da ake fafe wa gurbi daidai siffar kaya, a kwantar da su ciki, sannan a rufe akwati a yi jigila. Wani kamfani mai ƙera sassan famfo ya ba ni aikin guda 300. A takardar da muka sa wa hannu an rubuta soson foliyetilin mai kilo 64, wato nauyin dunƙulensa mai mita ɗaya ta kowace fuska, falle biyu a manne, kuɗi kuma sai na kai aiki. Ina tsakiyar aiki soson ya yanke mini, lokaci ya ƙure, sai na sa mai kilo 35 a fallen ƙasa na guda 120 na ƙarshe, tunda launinsu ɗaya. Ban gaya musu ba. Yanzu wasu kayan sun isa a fashe, su kuma masu dako suke zargi. Haka nan samfurin da suka ba ni don awo, na manta shi a teburin inji, bakin inji ya karce shi. Shin cinikin ya inganta tun asali? Me ke kaina?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi maka albarka da ka faɗi abin yadda yake, domin sau da yawa mai tambaya kan ɓoye ainihin wurin da hukunci ya rataya.

Cinikinku shi malamai ke kira istisna'i: ka sa mai sana'a ya ƙera maka abu da kayan aikinsa. Hanafiyya sun halatta shi, suna kafa hujja da cewa Annabi (SAW) ya sa an ƙera masa zobe, an kuma sassaƙa masa mumbari, ga kuma al'adar mutane da ta gudana a kai. Malikiyya sun fi tsanantawa, suna riskar da shi ga cinikin salam, inda ake biyan kuɗi tun farko, don kada kuɗi da kaya duka su zama bashi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta tsaya kan cewa ana iya jinkirta kuɗin ko a biya kashi-kashi, muddin an bayyana jinsin abu, adadinsa, siffofinsa da wa'adi, kuma cinikin yana lazimtar ɓangarorin biyu. Wannan nake ba da fatawa da shi. Cinikinku ya inganta.

To amma ingancin nasa ne ya ɗaure ka. Kilo 64 da aka rubuta sharaɗi ne, Allah kuwa ya ce a farkon Suratul Ma'ida a cika alkawura, hadisi kuma ya zo cewa Musulmi suna kan sharuɗansu. Da ka ɗaga waya ranar da soson ya yanke, ka ce ga halin da ake ciki, ko su ƙara maka kwanaki ko su yarda da mai kilo 35 a rage kuɗi, da babu laifin komai. Ɓoyewar ce ta mayar da shi algus. Dubi hadisin da Muslim ya ruwaito: Annabi (SAW) ya wuce tsibin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki, yatsunsa suka ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya ce masa me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Fallen sama mai kyau, fallen ƙasa mai rauni, gam ya rufe tsakani: da wuya a sami misalin da ya fi naka kama da wannan tsibi. Naka ma ya fi ɓuya, don mai karɓar kaya ba ya iya cusa hannu tsakanin falle biyu da aka manne.

Abu na farko da ke kanka, kuma ba ya jiran gobe, shi ne ka sanar da su. A cikin guda 120 ɗin nan akwai yiwuwar wasu suna nan a ma'ajiya ba a yi lodi da su ba, duk abin da ya fashe bayan yau kana sane ya fashe. Kuma shirunka yana jawo wa masu dako tuhumar da mai yiwuwa ba su ci ba. Sannan kamfanin yana da zaɓi a kan waɗannan 120: ya mayar maka ka sake su yadda aka rubuta, ko ya karɓi kuɗinsa. Waɗanda aka riga aka yi amfani da su, ko da kayansu sun isa lafiya, ka mayar da bambancin ƙima tsakanin abin da aka saya da abin da ka bayar. Isa lafiya ba ya halatta maka wannan rarar.

Rankon kayan da suka fashe ne ke buƙatar natsuwa, domin algus zunubi ne tabbatacce, amma ba shi kaɗai ke tabbatar da cewa shi ya fasa kayan ba. Shehu Halilu a Muhtasar ya kawo mas'alar ɗan dakon da igiyarsa ta tsinke kaya suka lalace: babu ranko a kansa sai in ya yi ruɗi a aikace, kamar ya ɗaure da igiyar da ya san ba ta da ƙarfi. Kai ka san soson bai kai ba, kuma ka manna shi da hannunka, saboda haka kana cikin wanda ya yi ruɗi a aikace. Abin da ya rage shi ne a gano ko igiyar taka ce ta tsinke.

Ka fi ni sanin yadda soso ke aiki. Idan akwati ya faɗi, soson yana lotsawa ya tsawaita lokacin tsayawar abin da ke ciki, sai ƙarfin bugun ya ragu. In ya yi wa nauyin kayan laushi, yakan lotse ƙurmus, ƙarfe ya daki gindin akwati kamar ba a sa komai ba. In kuma ya yi tauri da yawa, bugun yakan wuce kai tsaye zuwa ga kayan, shi ya sa abu mara nauyi wani lokaci ya fi samun kariya a soso mai laushi. Akwai kuma lotsawar sannu a hankali: ƙarfe mai nauyi ya yi makonni a kan soso mai rauni, gurbin ya saki, kaya su riƙa kai da kawo a ciki. Wannan ba abin da mufti zai yanke daga kan buzunsa ba ne, aikin masana ne, kuma shari'a tana karɓar maganarsu a irin wannan. A fara da mafi sauƙi: a tsaga soson akwatunan da kayansu suka fashe, a ga na wane rukuni ne. Sannan a yi gwajin yarwa da soso iri biyun. Ɗaya daga cikin tsare-tsaren ISTA, ƙungiyar da ke tsara gwajin akwatunan jigilar kaya, shi ne a saki akwati sau 10 daga tsayin da aka ƙayyade gwargwadon nauyinsa: sau ɗaya a kan kusurwa, uku a kan gefuna, shida a kan fuskoki.

In ya bayyana fashewar ta taru a rukunin da ka sauya, mai kilo 64 kuma ya tsallake gwajin da mai kilo 35 ya faɗi, to ranko naka ne: ka biya kwatankwacin sassan ko ƙimarsu, wanda ke gyaruwa kuma ka biya abin da ya ragu daga ƙimarsa. Ko da takardarku ta ce iyakar abin da za a bi ka shi ne kuɗin soso, ban ga wannan sharaɗi yana kare wanda ya ɓoye aibi da gangan ba, don sun amince da shi ne a kan zaton za ka ba su abin da aka rubuta.

In kuwa an ga akwatunan a farfashe, ko ƙahon injin ɗaga kaya ya huda su, ko an jibga musu nauyin da soso na gari ma ba zai jure ba, to ƙa'ida ita ce idan wanda ya ɓarnata da hannunsa ya haɗu da wanda ya zama sanadi, ana jingina hukunci ga na farko. Nan masu dako ne za su biya saboda sakacinsu, kai kuma bambancin kuɗin soso kawai ke kanka. Galibi dai abin kan cakuɗe, hanya ta yi nata, soso ya yi nasa. A nan sulhu ya fi, a raba asarar gwargwadon ƙiyasin masana, kai kuma kada ka tsananta wajen ciniki, tunda kai ka jawo shubuhar.

Saura samfur. An san maganar littafin Risala na fiƙihun Malikiyya cewa masu sana'a suna lamunce abin da suka keɓanta da shi, amma Muhtasar ya taƙaita wannan ga abin da ake yin aikin a jikinsa, ban da waninsa ko da aikin yana buƙatarsa, kamar littafin da mai kwafi ke kwafa daga ciki. Samfurinka irin wannan ne, amana ce a hannunka, ba a bin ka sai da sakaci. Barin sa a teburi inji yana gudu kuwa sakaci ne da kai ma ka amsa. Ka biya abin da karcewar ta rage masa, in kuma ta taɓa fuskar da ke haɗuwa da wani sashi har ya daina amfani, ka biya ƙimarsa duka, sai in sun yafe.

Wallahu a'alam.