Ku Tambaya Mu Amsa: Zoɓorodo Mai Canza Launi

Tambaya: Jikokina uku suna hutun lakwal. Wane gwajin kimiyya zan yi musu da kayan gida, ba tare da sayen komai mai tsada ba? — Wata kaka daga Tahoua

Amsa: Hajiya, zoɓorodo, kanwa da lemun tsami sun isa. Ki jiƙa cikin hannu ɗaya na busasshen zoɓorodo a rabin lita na ruwan zafi, minti 10, ki tace da kanki. Sai a ƙara ruwan sanyi har haske ya riƙa ratsa shi. Nan ne yawanci ake kuskure: in ya yi kauri, yara ba za su ga canjin ba.

A raba shi a kofunan shayi uku na gilashi. Na farko a bar shi don kwatance. Na biyu a matsa rabin lemun tsami, zai koma ja wur. Na uku a zuba ƙaramin cokali na ruwan jiƙaƙƙiyar kanwa, sai ya yi duhu ya karkata zuwa kore. Sinadarin antosiyanin da ke cikin zoɓorodo ne ke sauya launi gwargwadon tsamin ruwan. Tun 1664 masanin kimiyya Robert Boyle ya bayyana irin wannan da ruwan fure.

Abin da yara suka fi so: a matsa lemun tsami sosai cikin kofi na uku. Zai yi 'yar kumfa, iskar kabon dayoksaid ke fita, jan ya dawo.

Kada su sha. Ruwan jabel kuwa kada ya kusanci wurin, domin haɗuwarsa da tsami na fitar da iska mai guba.