Amsa kan korona: tsufa ne ya fi hatsari ko ciwon suga?

Wa alaikumussalam 'yar uwa. Kin ce Baba shekararsa 56, yana da ciwon suga da hawan jini, Kaka kuma ta haura 80 amma ko fanadol ba ta sha, kina so ki san wa za ki fi sa wa ido idan irin korona ta sake ɓullowa. Ni na yi jinyar mahaifiyata a Kano a watan Afrilun 2020, lokacin kulle, lokacin da kullum sai an ji sanarwar rasuwar wani dattijo a unguwa. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce mutum 979 aka lissafa sun rasu, akasarinsu sun haura 65, kuma rabi ko fiye yana da alaƙa da korona.

Shekaru su ne a gaba, kada ƙarfin Kaka ya ruɗe ki. Alƙaluman da Sin ta fitar a Fabrairun 2020 sun nuna cikin waɗanda suka kamu, masu 80 zuwa sama kusan 15 cikin 100 ne suka rasu, masu ciwon suga kusan 7, 'yan ƙasa da 40 kuwa ko 1 ba su kai ba. Garkuwar jiki ma tsufa take, huhu kuma ba ya buɗewa kamar da.

Amma shekarun Kaka ba ki da yadda za ki yi da su, sugan Baba kuwa yana hannunku. Hajiyarmu shekararta 63 a lokacin, ta daina shan maganin suga wai tunda ba ta cin abinci. Ashe zazzaɓi da kansa yana hauhawar da suga. Da muka auna sai da gabana ya faɗi. A asibiti ma abin da suka fara fama da shi ke nan, ga ruwan jikinta ya ƙone.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina, tari muka zauna jira. Tsoho ba lallai ya yi zazzaɓi mai zafi ba. Ita barci kawai take yi, ta ƙi ko kunu, ta riƙa kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu tuni. Wata gwaggonmu har ta ce a nemo rubutu. Ashe iskar jinin Hajiya ce ta sauka, ita kuma ba ta ma haki. Tun daga nan na sayi 'yar na'urar nan ta auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa, likitan ya ce in na ga ƙasa da 92 kada in jira gari ya waye.

Sai jikoki. Su za su kwaso mura a makaranta, kwana biyu sun warke, su haye gadon Kaka. Mai tari a hana shi ɗakinta, ko da za ta yi fushi, don za ta yi. Tamu kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba.