Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan duba yarinya a asibiti

Hajiya, Allah ya ba yarinyar lafiya. Kin tambaya ko dole ne sai an karɓo takarda daga jandarmomi kafin likita ya duba 'yar ƙanwarki da aka ci zarafinta, da kuma ko ya dace tsofaffin gida su fara dubata. Na daɗe ina aikin jinya a nan Garwa, ƙasar Kamaru, kuma irin wannan jinkiri ya fi komai cutar da yara.

Magani ba ya jiran takarda. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28, na hana ɗaukar ciki ga wadda ta fara al'ada kuwa sai an sha shi kafin kwana 5 su wuce da faruwar abin. Ku kai ta yau, kada a yi mata wanka idan ba a riga an yi ba, tufafinta kuma a naɗe su cikin takarda, domin leda tana riƙe danshi ta lalata shaida. Takardar da jandarmomi ko 'yan sanda ke rubutawa, wadda ake kira rekizisiyo, umarni ce ga likita ya rubuta sakamakon bincikensa domin kotu, kuma ana iya karɓo ta bayan an fara magani.

Batun tsofaffi kuwa, ina roƙonki ki hana. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa gwajin budurci ba shi da tushe a ilimin likitanci. A asibiti ma ba a danne yaro: ana neman yardar uwa ko waliyyi, a yi wa yarinyar bayani daidai hankalinta, wadda ta amince da ita ta zauna kusa, idan ta ƙi a dakata. Ku daina sa ta maimaita labarin ga duk wanda ya shigo jaje.

Abin da iyaye suka fi kasa fahimta shi ne, yawancin yaran da aka ci zarafinsu ba a ganin rauni a jikinsu, domin wurin yana saurin warkewa. Na sha ganin uba ya karanta cewa ba a ga rauni ba, ya juya yana ƙaryata 'yarsa. Likita abin da ya gani da abin da yarinya ta faɗa yake rubutawa, hukunci na alƙali ne.

Za a zo muku da maganar sulhu a gaban lawan ko mai unguwa. Ki sani cewa sashe na 346 na dokar laifuffukan Kamaru ta 2016 ya tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 15 ga wanda ya sadu da yaron da bai kai shekara 16 ba, ko da an ce da yardarsa, fyaɗe kuwa 15 zuwa 25, sannan sashe na 297 ya ce ko mai laifin ya auri yarinyar, hakan ba ya tsayar da shari'a. Ku ajiye kwafin takardar likita a hannunku, ku kuma nemi ma'aikatan jin daɗin jama'a na yankinku su raka ku wurin mai gabatar da ƙara.