Zanen dawaki kaɗai zai iya riƙe mutum?

Tambaya: Assalamu alaikum. Dan Allah shawara nake nema. Ni ɗalibi ne ina zane da fentin mai, kuma gaskiya ba abin da hannuna yake so kamar doki, in na zana mutum ko gini sai in ji kamar dole aka yi min. Abokaina suna ta min dariya wai in na tsaya a kan dawaki yunwa ce za ta kashe ni. Shin akwai wanda ya taɓa cin abinci da wannan? Kuma ta ina zan fara? (Daga wani mai karatu)

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Akwai mana, kuma ba yau aka fara ba. Je ka nemi labarin George Stubbs, mutumin Liverpool a Ingila, an haife shi 1724 ya rasu 1806. Wannan bawan Allah wajen 1756 ya kama wani gidan gona a Horkstow, ya yi kusan wata 18 yana rataye gawar dawaki yana feɗe su, ya cire fata ya zana, ya cire tsoka ya zana, har ya iso kwarangwal, kai dai ka yi tunanin warin ɗakin nan. A 1766 ya fitar da littafinsa kan halittar jikin doki. Masu kuɗin da ke da dawakin tsere suka yi ta ba shi aiki, kuma zanensa na wani ingarma Whistlejacket, tsayinsa kusan mita 3, ba mahayi ba bishiya ba komai a baya sai dokin kawai, yana nan a National Gallery ta Landan har yanzu. A Faransa kuma wata mai zane, Rosa Bonheur, sai da ta karɓi izinin 'yan sanda na sa wando don ta riƙa shiga kasuwar dawaki ta Paris, zanen da ta yi na kasuwar faɗinsa ya wuce mita 5, yana gidan tarihi na Metropolitan a New York.

Toh ban ce ka je ka feɗe doki ba, amma ka ga inda jarin yake. Mai sayen zanenka yawanci mai doki ne, ko ɗan polo ko mai kiwon na tsere, kuma irin waɗannan mutanen sun san dokinsu fiye da yadda ka san tafin hannunka, in ka kauce a gwiwa ko ka tsawaita wuya ko kofato ya zauna ba daidai ba, kallo ɗaya zai yi ya ce wannan ba nawa ba ne, komai kyan kalar kuwa. Saboda haka ka lizimci barga da fensir da takarda. Ka kalli yadda kunne ke juyawa, yadda jijiya ke tasowa a wuya bayan sukuwa. Ka lura daga gwiwa zuwa ƙasa ba tsoka, ƙashi ne da jijiya, shi ya sa ƙafar da aka cika da nama take fitowa kamar ta tebur.

Hoto yana taimako sosai, ai kafin wani mai ɗaukar hoto, Eadweard Muybridge, ya ɗauki hotunan doki a guje a 1878 manyan masu zane ma miƙe ƙafafun suke yi gaba da baya a iska, ashe lokacin da duka huɗun ke barin ƙasa a tattare suke a ƙarƙashin ciki. Amma kar ka dogara da hoton waya da aka ɗauka daf da fuska, kan zai fito ƙato, gindi ya tsuke. Ka ja baya ka ɗauka.

Kala kuma, akawal, wato baƙin doki, ba baƙin fenti ake laftawa ba, akwai shuɗi da ruwan ƙasa a cikin ƙyallinsa, shi ma kili, wato farin doki, inuwarsa ba fara ba ce. Shafin farko ka sirka shi da tafentin, wato ruwan da ake tsinka fentin mai da shi, ya yi ruwa-ruwa, na sama ya fi mai, in ka juya tsarin zai tsage daga baya. Banish kuwa, wato abin da ake shafawa a ƙarshe don kare zane da sa shi ƙyalli, sai fentin ya bushe sosai, wata 6 ko fiye, ka faɗa wa mai aikin tun farko kar ya zaci wasa kake masa da hankali.

Maganar abokanka akwai ɗan gaskiya a ciki, shekarun farko ciniki ba ya zuwa kullum, kar ka saki wata hanyar samun da kake da ita tukuna. Ka tara zane kamar 10 masu kyau ka sa a Instagram, kuma duk wanda ya ba ka aiki ka karɓi kafin alƙalami ku rubuta girman zanen da ranar bayarwa kafin burushi ya taɓa kyalle.