Tabon ƙafar yayanki da maganar raba masa kwano

Ƙanwata, kin ce yayanki ya fito da baƙaƙen tabo a ƙafa, likita ya ce ciwon daji ne na fata wanda ƙwayar bairas ke haddasawa, har mutanen gida sun fara shawarar ware masa kwano da tabarma. Allah ya ba shi lafiya. Na daɗe ina aikin jinya a sashen masu cutar ƙanjamau, don haka bari in gaya miki abin da idona ya gani.

Ban ga takardarsa ba, amma yadda kika siffanta abin ya yi kama da wanda ake kira Kaposi. Sunan wani likitan fata ne da ya fara bayyana cutar a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1872. An shafe fiye da shekara ɗari ba a san sanadinta ba, sai a 1994 wasu masu bincike biyu a Amurka, Yuan Chang da mijinta Patrick Moore, suka gano ƙwayar da yanzu ake kira HHV-8 a cikin naman tabon. To likitanku bai yi ƙarya ba.

Sai dai ga inda mutane ke ruɗewa. Ƙwayar tana yaɗuwa, galibi ta yawu, kuma a ƙasashen Afirka da dama tun ana yara ake ɗaukarta a cikin gida. Ciwon dajin kansa ba ya tsallakawa daga wani zuwa wani. Mutane da yawa suna yawo da ƙwayar har su tsufa ba ta taɓa nuna kanta ba, domin garkuwar jiki ta danne ta. Ranar da garkuwar ta yi rauni, ranar take miƙe ƙafa. Shi ya sa a 1981, da aka fara ganin wannan tabo a jikin samari a Amurka, ya zama ɗaya daga cikin alamun farko da suka tona asirin ƙanjamau. Haka ma waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, masu shan maganin da ke rage ƙarfin garkuwa.

Kada ki ji na ambaci ƙanjamau ki yanke wa yayanki hukunci. Akwai nau'in da aka sani a Yuganda da Kwango tun kafin duniya ta ji sunan ƙanjamau, akwai kuma na tsofaffi. Amma gwajin ƙanjamau dole ne, kuma a yau, ba gobe ba. Na ga wani magidanci da aka kawo mana ƙafa ta kumbura kamar turmi, an sha yi masa ƙaho da sakiya a kan wai jifa ne. Wanzami ya tsattsaga tabon, jini ya ƙi tsayawa, don ciwon na hanyoyin jini ne. Da aka ɗora shi kan maganin ƙanjamau, aka haɗa masa da allurar ciwon daji, cikin watanni tabon ya lafa, ya koma kasuwarsa. Abin da ya fi ci masa rai ba ƙafar ba ce, kofin da matarsa ta ɗaure wa zare don kada yara su taɓa ne. Wannan wariya ba ta kare kowa daga ciwon dajin ba. Abu ɗaya nake hanawa: a daina tauna wa jarirai abinci a ɗura musu.

Wani ya ce miki duk ciwon dajin fata bairas ne ke kawo shi. A'a. Waɗancan masu binciken biyu sun sake gano wata ƙwaya a 2008 a cikin kusan kashi 80 cikin 100 na wani ciwon dajin fata mai suna Merkel, amma ba kasafai ake samunsa ba, ni ban taɓa cin karo da shi ba. Akwai kuma wasu nau'o'in wata ƙwayar bairas mai suna HPV da ke zaune a fata waɗanda ake zargin suna taya zafin rana ɓarna. Dangin ƙwayar ne da ke kawo ciwon dajin bakin mahaifa, wadda Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta a 2023, sai dai wannan allura ba domin fata aka yi ta ba. Abin da muka fi gani a nan shi ne zabiya da rana ta ƙone wa wuya da kunne, da tsohon gyambo ko tabon ƙuna da ya shekara yana ruwa har ya rikiɗe. Waɗannan babu ruwansu da HHV-8.

Ki tambayi likitan ko an yanki ɗan naman tabon an kai ɗakin gwaji, domin ido kaɗai yana yaudara, musamman a baƙar fata. Ki sa yayanki ya buɗe baki ki haska ganɗarsa da dasashinsa da tocila. In kin ga tabo a can, ko yana tari da sarƙewar numfashi, ko jini a bayan gida, kada ku jira ranar da aka ba ku, ku koma asibiti a ranar.