Albashin dubu ɗari ba dubu ɗari ba ne: amsa ga mai kamfanin ruwan leda

Wani ɗan kasuwa daga Kano ya aiko da tambaya. Ya ce yana da kamfanin ruwan leda da ma'aikata 18, kowa ana biyansa hannu da hannu, babu rubutu. Yanzu yana so ya ɗauki mai kula da injin a kan Naira 100,000 a wata, kuma yana son sanin abin da doka ta ɗora masa, da kuma ko zai iya cire kuɗin ɓarna ko bashi daga albashin yara.

Alhaji, kafin ka furta wa mutumin nan dubu ɗari, ka san cewa kai ba dubu ɗari za ka kashe ba, shi ma ba dubu ɗari zai kai gida ba. Mafi yawan rigimar ƙarshen wata daga nan take tasowa.

Dokar fansho ta 2014 ta hau kan mai ma'aikata 15 zuwa sama, ka ga kana ciki. Ma'aikaci yana bayar da kashi 8 cikin ɗari, kai kuma kashi 10 daga aljihunka, ana lissafa su a kan tushen albashi da alawus na gida da na sufuri. Mu ɗauka dubu ɗarin nan duk waɗannan ukun ne. Za ka cire masa 8,000, ka ɗora 10,000 naka, ka tura 18,000 asusunsa na fansho cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Kuɗin nan amana ne, ba jarin sayen leda ba. Akwai kuma kashi 1 na jimillar albashi da ake biya wa hukumar NSITF, mai biyan diyya ga wanda ya ji rauni a wurin aiki, a ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wato 1,000 a kan wannan mutumin. Wannan kai kaɗai ke biya, ba a taɓa albashinsa. Masu kamfani sukan raina shi, amma duk inda akwai injin yanka leda da janareta da motar rabo, ranar da yatsa ya tafi za a tuna da shi.

Sai haraji. A sabuwar dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, miliyan 2.2 da ke biye kuma kashi 15 ne. Albashinsa na shekara 1,200,000 ne. Cire fansho 96,000, saura 1,104,000. Cire 800,000, saura 304,000. Kashi 15 na wannan shi ne 45,600 a shekara, wato 3,800 a wata, kuma kai ne za ka cire ka kai wa hukumar harajin jiha zuwa 10 ga watan da ke biye. Idan yana zaman haya ya kawo shaida, akwai rangwamen da zai ƙara rage masa. Abin da zai shiga hannunsa ke nan 88,200. Kai kuwa 111,000 suka fita. In kana ciyar da su da rana, a ce 800 sau kwana 26, ƙara 20,800, ya zama 131,800. Da wannan adadin za ka yanke kuɗin jakar ruwa, ba da dubu ɗari ba. Ka zaunar da shi ka nuna masa lissafin nan tun kafin ya fara aiki.

Mafi ƙarancin albashi na ƙasa 70,000 ne tun Yulin 2024, amma dokar ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin kamasho. Don haka ba ta kama ka ba tukuna. Ni dai ba zan ba ka shawarar ka ɓuya a bayan wannan ba: yaron da ka koya wa injin wata shida, maƙwabcinka zai ɗauke shi da ƙarin dubu goma, ka koma koyar da wani.

Batun cire kuɗi shi ne inda 'yan kasuwarmu suka fi zamewa. Dokar ƙwadago ba ta yarda ka ci ma'aikaci tara yadda ka ga dama ba. Ko ɓarna ya yi da sakaci, sai da amincewar jami'in ƙwadago za a cire, kuma jimillar abin da ake cirewa a wata kada ya wuce sulusin albashi. Bashin da kake ba su kafin wata ya ƙare, kada ya haura albashin wata ɗaya, a rubuta shi, a raba biyansa, mai karɓa ya sa hannu ko ya dangwala. Fashin aiki ba dalili kuwa, ka raba albashi gida 26 in kwana shida kuke aiki a mako, abin cirewa kusan 3,850 ke nan a rana ga mai albashin dubu ɗari, amma a faɗa masa wannan ƙa'ida tun farko. Jinya da takardar likita ba fashi ba ce: yana da har kwana 12 a shekara da albashinsa, da hutun aƙalla kwana 6 na aiki bayan ya cika wata 12.

Goron Sallah da buhun shinkafar azumi alheri ne, ka bar su a matsayin alheri. Kada ka lissafa su cikin albashi, kada kuma ka yi alkawarin adadinsu.

Abin da zan so ka fara da shi a wannan watan: kowane ma'aikaci ya samu takardar ɗaukar aiki, doka ma ta ce a ba shi cikin wata uku, mai nuna aikinsa da albashinsa da ranar biya. Sannan littafi ɗaya, kowa da layinsa: albashi, ƙarin lokaci, fansho, haraji, bashi, abin da ya karɓa. Ka riƙa biya ta banki ko da rabinsu sun fi son tsaba, domin in magana ta kai kotun ma'aikata, shaidar banki ce za ta tsaya maka. Yaran rabo da ke kan kamasho ka buɗe musu shafi daban, jaka nawa suka fitar, nawa suka dawo da ita.